Jagora ga Mai Tara Sulallan Zinariya na Jaruman Zane da na Wasanni

Akwai wani nau'in kuɗi da gidajen buga sulalla na Turai da Amurka da Ostireliya suke fitarwa kowace shekara, wanda ko da yake hukuma ce ta yi iznin buga shi, sunan ƙasa da adadin kuɗi kuma suna rubuce a jikinsa kamar kowane sule na halal, ba a yi shi domin ya shiga kasuwa ya yi yawo daga hannu zuwa hannu ba. An yi shi ne domin a saye shi da tsada, a adana shi cikin akwati, a riƙa fito da shi lokaci-lokaci ana kallo. Daga cikin irin waɗannan, biyu ne suka fi jan zukatan jama'a a wannan zamani, wato sulallan zinariya masu ɗauke da surar jaruman littattafan zane, irin su Asterix da Superman, da kuma waɗanda ake bugawa domin tunawa da manyan wasanni, kamar Olamfik da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Tun da yake fatakenmu da ɗalibanmu da ma'aikatanmu suna cin karo da su a kantunan ƙasashen waje da shafukan intanet, kuma son zinariya daɗaɗɗen abu ne a wurinmu, na ga ya kamata a shimfiɗa wa mai sha'awa ƙa'idodin al'amarin filla-filla, domin ya shiga da idonsa a buɗe.

Asalin abin bai yi nisa ba. Sulen farko da aka buga domin wasannin Olamfik na zamani, Finlan ce ta fitar da shi na azurfa mai marka 500, saboda wasannin Helsinki na 1952, daga nan ƙasashe masu karɓar baƙuncin wasanni suka gane cewa hanya ce ta tara abin da za a yi gine-gine da shi, sai Kanada ta buga na zinariya a 1976, Tarayyar Sobiyet ta biyo baya saboda wasannin 1980, Amurka kuma, wadda rabonta da buga sulen zinariya tun 1933, ta fitar da mai dala 10 saboda wasannin Los Angeles na 1984, da surar masu tsere biyu riƙe da tocila. Jamus ma ta buga mai Yuro 100 a 2005, rabin oza na tsantsar zinariya, ana jiran gasar kofin duniya da ta shirya a 2006. Jaruman zane su ne baya-bayan nan. Gidan da ya fi shahara da su shi ne Monnaie de Paris, wanda tarihinsa ya faro daga umurnin sarki Charles mai sanƙo a shekarar 864, kuma ba baƙo ba ne ga mutanen Nijar, domin ya daɗe yana buga sulallan sefa. Shi ne ya fitar da jerin sulallan Asterix a 2015, na azurfa masu yawa da na zinariya mai Yuro 500, ya kuma sake girmama jarumin a 2019 da ya cika shekara sittin, domin René Goscinny da Albert Uderzo sun fara fito da shi ne a mujallar Pilote a 1959. Wannan ɗan tsurut ɗin jarumi ma ya haɗa ɓangarorin biyu na maganarmu, tun da a littafin 1968 masu shi sun kai shi wasannin Olamfik na Girkawan dauri. Kanada kuwa ta buga sulallan Superman a 2013, cikar shekara 75 da bayyanarsa a 1938, hujjarta ita ce Joe Shuster, wanda ya fara zana shi, haifaffen Toronto ne.

To, abu na farko da ya wajaba mai saye ya tabbatar a zuciyarsa, wanda duk sauran bayani reshensa ne, shi ne cewa kowane sule irin wannan yana da ƙima uku, kuma ba safai suke haɗuwa wuri guda ba. Akwai adadin da aka rubuta a jikinsa, wanda galibi suna ne kawai, domin sulen da aka rubuta masa Yuro 50 zinariyar da ke cikinsa ta ninka haka sau da yawa. Akwai ƙimar zinariyar kanta, wadda mizani da farashin kasuwar ranar suke yankewa, ba ruwanta da wanda aka zana a kai. Sa'an nan akwai ɗorin da ake biya saboda aiki da ƙaranci da sha'awa, wanda a cikinsa ne gidan bugu yake fitar da ladan masu sassaƙa, da kuɗin akwati, da haƙƙin masu mallakar surar jarumin ko tambarin wasan, da ribarsa. Misalinsa kamar babbar riga ce mai aska takwas, wadda mai saye ya biya kuɗin yadi ya kuma biya kuɗin aiki, ran da ya tashi sayarwa kuwa, in bai dace da wanda ya san darajar allura ba, yadin kawai za a taya. Ba na cewa kada a biya wannan ɗori, hasali ma ni ina ganin kyakkyawan aiki ya cancanci a biya shi; abin da nake cewa shi ne mutum ya san adadinsa kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma ɗauke shi a matsayin abin da ya kashe domin jin daɗin ransa, in ya dawo masa wata rana alhamdu lillahi, in bai dawo ba kada ya ce an zalunce shi.

Hanyar sanin adadin kuwa lissafi ne mai sauƙi, sai dai yana bukatar a fahimci ma'aunai biyu. Ana auna zinariya a kasuwannin duniya da wata oza ta musamman mai giram 31.1, wadda ta ɗan fi ozar kayan abinci nauyi, kuma sulallan tarawa galibi suna zuwa ne a oza guda, ko rabi, ko rubu'i, ko ushiri, har da 'yan mitsi-mitsi masu rabin giram. Ana kuma faɗin tsarkinta ko dai da karat, inda 24 ke nufin tsantsa, ko da kashi cikin dubu, ta yadda karat 22 shi ne kusan 917, karat 18 shi ne 750, karat 14 kuwa wajen 583 ko 585, ragowar kuma jan ƙarfe ne ko azurfa da aka gauraya domin ƙarfi. Sai ka ɗauki nauyin sulen, ka buga shi da tsarkinsa, abin da ya fito shi ne zinariyar haƙiƙa. Ka buga wannan da farashin giram na ranar, ka cire daga abin da mai kanti ya nema, ragowar shi ne ɗori. Sulallan Faransa masu Yuro 50, alal misali, na da can nauyinsu giram 8.45 ne da tsarkin 920, na baya-bayan nan kuma giram 7.78 da tsarkin 999, wanda bai yi lissafi ba sai ya zaci na farko ya fi, alhali kuwa dukansu rubu'in oza ne.

Babu abin da ya fi bayyana fa'idar wannan lissafi kamar sulen Kanada na wasannin Montreal na 1976, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. An buga shi iri biyu, dukansu an rubuta musu dala 100, dukansu suna ɗauke da zane guda na Dora de Pédery-Hunt, wato surar Athena, allahiyar Girkawan dauri, tana tsaye kusa da wani ɗan wasa, amma ɗaya karat 14 ne mai nauyin giram 13.33, wanda in ka yi lissafi za ka samu rubu'in oza ne a cikinsa, ɗayan kuwa karat 22 ne mai kusan giram 17, zinariyarsa rabin oza cif. Abin da ya fi rikita jahilin al'amari shi ne mai ƙarancin zinariyar ya fi ɗan'uwansa faɗi, domin shi milimita 27 ne, wancan kuma 25, kuma alamar da masana ke bambance su da ita ita ce jerin ɗige-ɗige da suka kewaye bakin mai karat 14, waɗanda babu su a jikin mai 22. Ka ga ke nan mutum biyu suna iya fitowa daga kanti guda, kowa yana cewa ya sayi sulen Olamfik na dala ɗari, alhali abin da ke aljihun ɗaya ya ninka na ɗayan. An kuma buga su dubu ɗaruruwa, saboda haka bayan wucewar shekaru masu yawa farashinsu a wurin dillalai bai yi nisa da na zinariyar da ke cikinsu ba, ɗorin da masu saye na farko suka biya cikin zumuɗin wasanni ya narke. Haka sulen Superman na zinariya mai dala 75 da Kanada ta fitar a 2013 karat 14 ne, wanda ya saye shi da zaton tsantsa ne ya yi kuskuren kusan rabi.

Akwai kuma wani tsari na Faransa da ya sha bamban, inda ake sayar da sulen zinariya daidai da adadin da aka rubuta masa, ka ba da Yuro 250 a ba ka sule mai Yuro 250, kamar masu kusurwa shida da aka buga domin wasannin Paris na 2024. A nan zinariyar da ke ciki, ranar da aka fitar da shi, ba ta kai adadin ba, amma hukuma ta lamunce maka adadin. Sai dai a tuna cewa sulallan tarawa na Yuro halaccinsu a ƙasar da ta buga su kaɗai yake, wannan lamuni ba zai amfane ka a Maraɗi ko a Kano ba, sai ranar da kai ko wakilinka ya taka Faransa.

Bayan nauyi da tsarki, sai a duba wane ne ya buga. Mai saye zai sha mamaki ya ga surar jaruman Amurka a sulen da aka rubuta masa sunan Niue ko Tuvalu, 'yan tsibirai a tekun Fasifik, na farkon ma mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Bayanin shi ne gidajen bugu suna ƙulla yarjejeniya da waɗannan ƙananan hukumomi su ara musu suna, New Zealand Mint, wanda kamfani ne mai zaman kansa, yana buga na Disney da sunan Niue, Perth Mint na Ostireliya kuma ya buga na Marvel da sunan Tuvalu. Babu ha'inci a cikin wannan, zinariyarsu ingantacciya ce, illa dai a sani cewa amanar gidan bugun ake saye, adadin dalar da aka rubuta ba shi da wani tasiri. Inda haɗari yake shi ne wurin abubuwan da suka yi kama da sule amma babu sunan ƙasa babu adadin kuɗi, waɗanda ake tallarsu da manyan haruffa cewa na zinariya mai karat 24 ne, a can ƙasa kuma da ƙananan haruffa a ce shafe ne. Wannan jan ƙarfe ne ko farin ƙarfe da aka yi wa ruwan gwal wanda bai kai kaurin gashi ba, bai da wata ƙima ta mizani. Kada mai karatu ya ga kamar shafe abu ne da ido zai gane nan take, domin lambar zinariya da ake rataya wa zakarun Olamfik ita kanta azurfa ce da aka lulluɓe da giram 6 na zinariya, ta Paris nauyinta giram 529 ne gaba ɗaya, rabon da a ba da ta tsantsar zinariya tun wasannin Stockholm na 1912.

Yanzu kuma ga ɓangaren da ya fi soyuwa gare ni, wato yadda ake yin su, domin wanda bai san wahalar aiki ba ba zai iya bambance mai kyau da maras kyau ba. Bayan an samu iznin masu haƙƙin sura, hukuma kuma ta fitar da doka da ta ƙayyade nauyi da tsarki da iyakar adadin da za a buga, sai mai zane ya tsara surar, mai sassaƙa ya mayar da ita tudu da kwari, da can a kan faifan farar ƙasa mai faɗi wanda wata na'ura take bi tana ƙanƙantawa a jikin ƙarfe, yanzu kuwa galibi a kwamfuta, na'ura mai kaifin haske ko mai tsini ta yanka. Daga nan ake samun hatimai biyu na baƙin ƙarfe, na fuska da na baya, a gasa su a yi musu ban-ruwa har su yi tauri. Zinariyar kuma a narka ta, a murje ta ta zama falle mai kauri daidai, a yanke ta da'ira-da'ira, a sake gasawa domin ta yi laushi, a wanke, a goge, a auna kowace ɗaya. Sa'an nan a sa da'irar tsakanin hatiman, cikin wani zobe da ke tsare gefenta kuma yake fitar mata da zara-zaran baki, injin ya danna da nauyin tan masu yawa har ƙarfen ya kwarara ya cika kowane lungu na surar. Bugu iri-iri ne. Akwai na gama-gari, da ake yi sau ɗaya cikin sauri. Akwai kuma bugun madubi, wanda shi ne maɗaukaki, inda ake goge filin hatimin har ya zama kamar ruwa, a bar surar da ɗan kaushi mai kama da hazo, ma'aikaci ya sa da'irar da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, a buga ta sau biyu ko fiye, yana share hatimin tsakanin bugu da bugu, duk wanda aka ga tabo a jikinsa a mayar da shi tukunyar narki.

Mas'alar da mai sassaƙa jarumin zane yake fuskanta ta fi ta mai sassaƙa kan sarki wuya, kuma a nan ake gane gwani. Rayuwar zanen Uderzo tana cikin alƙalaminsa ne, layi ya yi kauri a nan ya sirance a can, tawada baƙa a kan farar takarda, ga launi yana taimako. Mai sassaƙa kuwa ba shi da baƙi ba shi da fari, ƙarfe ne launi guda, tudun da aka ba shi bai kai milimita ɗaya ba, dole da haske da inuwa kaɗai zai sa a ga girman hancin Obelix, abokin Asterix, da fuka-fukan hular Asterix suna motsi. Saboda haka idan ka riƙe sule, ka karkata shi a hankali gaban taga, ka duba ko fuskar tana nan da halinta ta kowace kusurwa, ko kuwa tana ɓacewa da zarar haske ya juya. Wasu gidajen suna kauce wa wannan wahala ta hanyar buga launi a kan ƙarfen, sule ya fito ja da shuɗi kamar shafin littafi, yara kuma suna son haka ƙwarai. Amma ni a ra'ayina rufe zinariya da fenti asara ce biyu, an ɓoye ƙarfen da aka biya, an kuma ɓoye hannun mai sassaƙa, ga shi fenti yana iya dusashewa ko ɓamɓarewa alhali zinariya ba ta tsufa. Sulallan wasanni kuwa jarrabawarsu motsi ce, a ga matseri yana gudu da gaske cikin da'irar da ba ta fi farcen babban yatsa ba, kuma mafi yawan waɗanda suka kasa sun kasa ne saboda cunkoson tambura da rubutu da masu shirya wasa suka sharɗanta.

Adadin bugu yana rubuce a takardar shaida, kuma ƙaranci yana ƙara daraja, amma da sharaɗin akwai masu nema. Sule ɗari biyar na jarumin da aka manta da shi ya yi yawa.

Game da tabbatar da inganci, garkuwa mafi ƙarfi ita ce saye daga gidan bugun kansa ko daga dillalin da ya amince da shi, da rasiɗi da akwati da takardar shaida mai lamba, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne. In kuwa daga hannun mutum ne, to a nemi sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da ma'aunin faɗi da kauri, a gwada ukun nan da abin da gidan bugu ya bayyana. Hikimar ita ce zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3, dalma sau 11.3 kawai, azurfa 10.5, jan ƙarfe bai kai 9 ba, don haka mai jabu in ya daidaita nauyi sai kauri ya tona shi, in ya daidaita kauri sai nauyi ya gaza. A kusantar da maganaɗisu mai ƙarfi, in ya ja, magana ta ƙare. In bai ja ba kuwa wannan bai zama hujja ba, tun da jan ƙarfe ma ba ya amsa shi. Abokin gaba na haƙiƙa shi ne wani ƙarfe da ake kira tangistin, wanda nauyinsa ya yi daidai da na zinariya har sikeli ba ya rarrabewa, ana lulluɓe shi da gwal. Maganinsa sai na'urorin manyan dillalai masu auna yadda sauti ko lantarki ke ratsa cikin ƙarfe, domin na'urar da ke haska fata kawai tana iya ruɗuwa da lulluɓi mai kauri. Ina gargaɗi da babbar murya kada a kai irin wannan sule wurin maƙerin fari ya goga shi a dutse ya ɗiga masa ruwan gwaji kamar yadda ake yi wa sarƙa da awarwaro, domin gogar nan guda za ta tabbatar maka zinariya ce, ta kuma kashe ɗorin da ka biya baki ɗaya. Akwai kamfanoni biyu na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, masu duba sule su ba shi daraja bisa ma'aunin da William Sheldon ya tsara a 1949, daga 1 zuwa 70, su rufe shi cikin kwanso mai lamba; tazarar farashi tsakanin 69 da 70 tana iya zama babba alhali ido ba ya ganin bambanci, kuma tun da ana yin jabun kwanson ma, a binciki lambar a shafin kamfanin.

Adana kuwa ƙa'idarsa kaɗan ce amma ba ta karɓar sassauci. Kada a fitar da sule daga kwansonsa ba bisa larura ba, in ya zama dole a sa safar hannu ta auduga a kama shi ta gefe, a kan shimfiɗa mai laushi, domin tsantsar zinariya tana da taushi, kuma zanen yatsa a kan bugun madubi yana zama. Kada a goge shi da komai, ko da ƙyallen alharini ne, domin ƙurar hunturu da ta kwanta masa yashi ce, shafa guda za ta bar layuka da masana ke gani da tabarau. A guji jakunkunan roba masu laushi da wari, suna tsatso da wani maiƙo da ke ɓata sulallan da aka gauraya da jan ƙarfe. Akwati da takarda su ma dukiya ne, kuma su ne damina da gara suka fi yi wa lahani a ƙasarmu, saboda haka a sa su cikin abin da ke rufuwa ruf, nesa da ƙasa da bango, tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima.

Musulmi mai wannan sha'awa yana da wasu mas'aloli na shari'a da bai kamata ya tsallake ba. Ta farko zakka: nisabin zinariya miskali ashirin ne, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kimanin giram 85, in shekara ta kewayo a fitar da rubu'in ushiri, wato ɗaya cikin arba'in, kuma rangwamen da mazhabarmu ta Malikiyya ta yi wa kayan adon da mace ke sawa bai shafi sulen da aka taskace ba. Sulalla goma sha ɗaya masu rubu'in oza sun riga sun cika nisabi, balle kuma a haɗa su da sauran kuɗin da mutum ya mallaka. Ta biyu musaya: zinariya da zinariya ba ta halatta sai daidai wa daida a nauyi kuma hannu da hannu, don haka wanda ya ba da sarƙa mai giram goma ya karɓi sule mai giram takwas saboda kyan aikinsa ya faɗa cikin riba, mafitarsa ita ce ya sayar da sarƙar ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan ya sayi sulen a ciniki na dabam. Sharaɗin karɓa nan take ya shafi sayenta da takardun kuɗi ma a wurin jamhurin malaman zamani, wanda ya sa oda ta intanet, inda ake biya yau kaya su iso bayan mako uku, take bukatar fatawa kafin a yi ta, ban da kasancewarta cinikin biri a sama in ba a san mai sayarwa ba. Ta uku sura: tarihi ya tabbatar cewa Musulmin farko sun yi mu'amala da dinaren Rumawa mai ɗauke da surar sarakunansu, har zuwa lokacin da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinare mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan hijira, amma mu'amala saboda bukata dabam take da ajiyewa saboda surar kanta, malamai kuma sun yi tafsili tsakanin sura mai inuwa da shafaffiya, don haka a kai wa malami sulen ya gani da idonsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da yalwa cikin sulallan wasanni masu ɗauke da kofi ko filin wasa ko tocila kawai.

Ranar sayarwa ita ce ranar da duk abin da aka faɗa a sama yake bayyana. 'Yan gwal na kasuwanninmu, waɗanda suka saba da sisin gwal na sadaki, sikeli suka sani, za su auna su biya kuɗin giram su kuma rage nasu, ba za su ƙara maka ko anini saboda Asterix ba, kuma ba su yi laifi ba tun da masu sayensu ba sa nemansa. Ɗorin yana wurin masu tarawa ne, ta hannun dillalan sulalla da gidajen gwanjo na ƙasashen da ake wannan sha'awa, su kuma suna da la'adarsu, ga kuɗin aikawa da inshora, ga dokokin kwastan na fita da shiga da zinariya waɗanda wajibi ne a bincika a kuma bayyana abin da aka ɗauko. Farashin da za a dogara da shi shi ne wanda aka riga aka sayar a gwanjo, domin wanda mai kaya ya rubuta yana jira buri ne kawai. Sulallan wasanni sun fi tsada ana gab da wasa, su sauka bayan an tashi, don haka mai haƙuri ya jira shekara biyu ko uku ya saya daga hannun waɗanda zumuɗinsu ya huce. A ƙarshe a buɗe littafi na musamman, kowane sule a rubuta ƙasarsa da shekararsa da nauyinsa da tsarkinsa da lambar takardarsa, da ranar saye da abin da aka biya da farashin giram na wannan rana, a kuma rubuta sunayen dillalan da za su san darajarsa, sa'an nan a sanar da amintacce ɗaya cikin magada inda littafin yake, domin masu rabon gado su iya ƙiyasta kowane sule da ƙimarsa biyu kafin wani ya ɗauka ya nufi kasuwa.